Ɗigon Jan Farce a Gefen Allo

Maigidana ba ya gani, amma shekara da shekaru shi ke karɓar kira a ofishin motocin haya. Kunne a waya, yatsu a kan kibod. Akwai 'yan ƙuraje biyu a tsakiyar madannan. Da yatsunsa sun sauka a kansu, ya san inda kowane harafi yake.

Sai manaja ya kwashe kibod da linzamin kwamfuta, ya jera allunan taɓawa, sumul kamar faranti. Wai ci gaba. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai iya ba a ɗauki wani.

Daga ranar zama ya gagare shi. Ya tashi, ya zauna, ya buɗe taga, ya rufe. Yatsunsa na ƙwanƙwasa tebur, hannun kujera, har gwiwata.

Na ce, "Malam, gwiwar nan ba ta karɓar kira."

"Ba ki gane ba ne. Kibod sai in lalube shi son raina, ba ya motsi sai na danna. Wannan kuwa kana shafa shi ya aikata. Muryar da ke karanta min allon tana zuba a kunne ɗaya, fasinja na masifa a ɗayan."

Raina ya ɓaci, na ɗauki kwalbar jan farcena na bi shi ofis. Na ɗiga masa a gefen allon, inda taɓawa ba ta aiki: daidai nan karɓa, nan tura direba, nan katsewa. Da ya bushe, sai ya bi gefen da yatsa, ya ji tudun, ya shiga ciki ya taɓa. Abin ya yi. Har na fara yi wa kaina kirari a kicin.

Ashe allon yakan sabunta kansa. Wata safiya ya sauya wa komai wuri, ɗigona kuwa na nan inda na bar su. Duk wanda ya kira, Malam ya yi masa sallama cikin ladabi bayan ya riga ya katse shi.

Kafin azahar ya dawo, tsohon kibod ɗinsa a hammata, igiyar kibod ɗin na jan ƙasa. Manaja ya sallame shi, ya ce ya tafi da kibod ɗin, ba su da amfaninsa.

Ya zauna, ya ɗora shi a cinya. Yatsunsa suka nemo ƙurajen nan biyu, suka tsaya cak. Ni da ƙwanƙwasar nan ta ishe ni, sai ga ni tsaye da ludayi a hannu, ina jira ya danna ko ɗaya.