Ruwan Gishiri a Baƙar Leda

Matar Yaya ta tare shi a bakin ɗakin magani, ta sa ƙafa ɗaya a ciki don kada ya rufe ƙofar.

"Mijina, tsaya mana. Gudun me kake yi?"

"Ba a shiga nan," in ji Auta.

"Ai ban shiga ba. Ƙafata ce ta shiga."

Auta ya kusa ritaya, furfura ta gama da gemunsa, amma a gidansu har yanzu shi ne Auta, wanda ake aika. A asibiti kuwa shi ne mai haɗa magunguna na sashen bincike, kuma mukullin firijin sashen a aljihunsa yake kwana.

Da hantsi za a yi wa Yaya aikin zuciya. Likitoci sun iya gyaran zuciya yanzu. Abin da ba su iya ba shi ne hana ƙoda yin yaji bayan an gama. Sai a farka mutum a ɗinke shi lafiya, dangi su yi ta barka, can fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, daga nan sai injin wankin ƙoda, ko likkafani. Shi ya sa ake gwada wani sabon magani. Rabin marasa lafiyar ana ɗaura musu shi kafin aiki, rabi kuma ruwan gishiri zalla, duka a cikin baƙar leda iri ɗaya. Na'ura ce ke zaɓa. Likita bai sani ba, nas ba ta sani ba, mai ciwon bai sani ba. Mutum ɗaya ne ya sani, wanda ke zuba abin a ledar, kuma Allah ya yi shi ƙanen Yaya ne.

"Ka ba shi na gaskiyar," ta ce, ta rage murya.

"Ba ni ke zaɓa ba."

"Amma kai ke zubawa."

"Ke, saurara. Ba wanda ya san ko maganin nan yana aiki. Shi ya sa ake binciken."

"In ba ya aiki, me ya sa ake ɓoye shi a firiji da kwaɗo? Ka taɓa ganin an kulle ruwan gishiri?"

Shekara da shekaru Auta yana ba ta amsa, bai taɓa cin ta a magana ba.

"Mutumin nan shi ya riƙe ka bayan rasuwar Inna," ta ce. "Bai taɓa roƙon ka komai ba, ko maganin ciwon kai. Ni ce nake roƙo. In ya mutu, ka san fa kai za ka gaje ni, kuma ba za ka ji daɗi ba."

Ta yi dariya, amma idanunta sun yi ja. Ta janye ƙafar.

Tun ranar da Yaya ya yarda a sa shi cikin binciken ya kamata Auta ya je wurin likitar da ke shugabantar binciken ya ce, wannan yayana ne, a ba wani ya haɗa ledarsa. Bai je ba. Uwarsu ɗaya, uba daban, sunayensu ba su haɗu a takarda ba. Ya gaya wa kansa cewa abokiyar aikinsa tana hutun haihuwa, babu mai yi. Gaskiyar ita ce, da ya janye hannu, a gida za a ce ya gudu.

Ya wanke hannu, ya sa safar roba, ya shigar da lambar Yaya a na'ura. Na'urar ta yi ɗan tunani irin nata, ta ce ruwan gishiri.

Ya buɗe firiji. Kwalaben maganin suna jere, ƙanana, da jan murfi. Ya ɗauki ɗaya, sanyinta ya ratsa safar. Abu ne mai sauƙi. Kwalba takan faɗi ta fashe, a share, a rubuta ta fashe, ba a taɓa rataye kowa a kan haka ba.

Matar Auta a benen saman asibitin nan ta rasu, bayan wani aiki da aka ce ya yi kyau. Aikin ya yi kyau, ƙodar ce ba a sanar da ita ba. Duk likitan da ya tambaya a lokacin sai ya ce ba a san dalili ba, da murya mai taushi, kamar rashin sanin wata irin ta'aziyya ce. Saboda wannan ne ya nemi a dawo da shi sashen bincike, inda aƙalla an yarda ba a sani ba, ana kuma nema.

Ya daɗe riƙe da kwalbar. Da za a tambaye shi, zai so ya ce amana ce ta hana shi. Amma akwai tsoro a ciki. In ya zuba, ƙodar Yaya ta tsaya, ba na'ura za a tuhuma ba. Ya mayar da kwalbar, ya cika leda da ruwan gishiri, ya sa mata baƙar riga, ya miƙa wa nas ta taga.

Matar Yaya tana kan benci a baranda.

"An yi?"

"Abin da na'ura ta zaɓa shi na zuba. Ban taɓa komai ba."

"Eh mana, na'ura," ta ce, ta kashe masa ido ɗaya. "Allah ya yi wa na'ura albarka, ya raya mata zuri'a."

"Da gaske nake miki."

"Na gane. Ba ka taɓa komai ba. Ni ma ban ji komai ba."

Aiki ya yi kyau, kamar yadda aka saba. Bayan an fito da Yaya, dangi suka kafa ido a kan jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. Yaya, tsohon shugaban makaranta, wanda ko tari ba ya yi a gaban surukai, ga shi ana ba da rahoton fitsarinsa ta waya har wasu garuruwa. Jaka tana cika ana zubarwa, gwajin jini yana fitowa fes. Ƙodarsa ko gezau ba ta yi ba.

A gadon da ke kusa akwai wani tela, shi ma an yi masa aiki a makon, shi ma da baƙar leda. Tasa jakar ta ƙi cika. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi suntum, har ba ya gane matarsa. Da safiyar da aka tura shi ɗakin wankin ƙoda, Auta ya tsaya a jikin bango ya ba su hanya. Shi ya haɗa ledar telan. Ya tuna jan murfin kwalbar maganin da ya ɓalle ya zuba a ciki.

Wannan bai tabbatar da komai ba, ya san haka. Mutum biyu ba bincike ba ne. Amma sai da ya shiga bayi ya wanke fuska.

Da rana 'yan dubiya suka cika ɗakin. Matar Yaya ta riƙe sirrin iya ƙarfinta, wato ta gaya wa Gwaggo kawai. Gwaggo kuwa ba ta ji sosai, kuma kamar yawancin waɗanda ba sa ji, ta ɗauka kowa haka yake.

"Auta!" ta ce da ya shigo, muryarta har baranda. "Zo nan, ɗan albarka. An ce kai ka sauya wa yayanka leda aka ba shi mai kyaun. Haka ake so. Kowa ya san nasa!"

Matar telan tana zaune a gefen gadon mijinta, wanda babu kowa a kai, tana ninke zanin gado. Ta ajiye shi. Ba ta yi ihu ba. Ta gyara mayafi ta fita.

Kafin la'asar likitar bincike ta aiko a kira shi. Mace ce ƙarama, sa'ar 'yar cikinsa a shekaru, mai ladabi irin na wanda ya riga ya yanke hukunci.

"Baba, zauna. Mutumin nan yayanka ne?"

"Yayana ne."

"Ba ka gaya mini ba."

"Ban gaya miki ba."

"Matar telan ta kai ƙara. Ta ce su da ba su da kowa an ba su ruwa, masu ɗan'uwa an ba su magani." Ta murza goshi. "Ka sauya?"

"Ban sauya ba."

"Ina so in yarda. Amma ba ni da ikon dubawa. Ko kwalaben firijinka ba a yarda in ƙirga ba, in na san wa aka ba me, binciken ya lalace. Kada ma ka gaya mini."

"To ya za a yi?"

"Hanya biyu ce. Ko in kira masu sa ido daga waje su buɗe sirrin mutum biyun nan. Tunda an kai ƙara, dole a zaunar da iyalan biyu a gaya musu abin da aka gani. In kana da gaskiya, ka fita. Ko kuma ka ba ni mukulli yau, a cire yayanka daga binciken, ka koma babban ɗakin magani har ka yi ritaya, a ce wa matar an ɗauki mataki. Mutane za su ce ka yi. Ba zan iya hana su ba."

Auta ya dubi tagar ofishin. Ya ga zaman da za a yi. Wani baƙo da tabarau zai ce wa matar telan mijinki ya sami maganin gaske, ga shi can a kan inji, yanzu ba ki da wanda za ki zarga. Sannan ya juya ga Yaya, da zaren ɗinki a ƙirji, da Gwaggo, da matar da ta sa ƙafa a ƙofa ta roƙa, ya ce ƙanenku ya buɗe firiji, ya ga magani, ya zuba muku ruwan gishiri. Gaskiya za ta fito tsaf, kowa ya sami rabonsa, kuma babu gidan da Auta zai ƙara shiga a ba shi wurin zama.

"Baba, in ba ka yi ba, ka bari a buɗe. Sunanka ne fa."

Ya ciro mukullin, ya raba shi da na gidansa, da ƙyar, don zoben ya yi tsatsa. Ya ajiye a kan tebur.

"Firijin yana ɗan zubar da ruwa ta ƙasa," ya ce. "A riƙa sa tsumma."

Da ya koma ɗakin, an sallami 'yan dubiya. An dawo da telan, yana barci, matarsa ta juya wa ɗakin baya. Matar Yaya tana ɓare lemo, ba ta ɗago ba, labari ya riga ya iso.

Yaya ya yafito shi da yatsa. Auta ya sunkuya. Hannun Yaya ya kama nasa, ba ƙarfi, amma da ɗumi.

"An ce sun karɓi mukulli."

"Sun karɓa."

"Saboda ni." Yaya ya rufe ido, ya buɗe. "Na sha faɗa a bayan idonka cewa kai ba ka san ɗan'uwa ba, aikinka kawai ka sani. Na janye. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya."

"Amma ka saurare ni." Muryar shugaban makaranta ta dawo, ƙasa ƙasa, don kada matar telan ta ji. "Abin da ka yi ba daidai ba ne. Amana aka ba ka. Dubi bawan Allahn nan, shi ma yana da iyali. Na gode, Allah ya sani na gode, amma kada ka ƙara."

Auta ya gyara masa matashi, ya ja bargo ya rufe masa ƙafa.

"Ba zan ƙara ba, Yaya," ya ce.