Kwant ɗin Ɗalibai

A shekarar 2008 Naja'atu ta dawo Ƙonni daga karatun kwamfuta a Yamai, ta buɗe ɗakin koyarwa kusa da tasha. Tana da tsofaffin kwamfutoci huɗu da ba su da ƙarfi, da babba guda mai kyau. Sai ta yi dabara: ta rubuta jerin umarni da zai gina ƙananan kwamfutoci huɗu a cikin babbar, kamar ɗakuna a gida ɗaya, kowane ɗalibi ya shiga nasa daga teburinsa.

Ranar buɗewa mahaifinta, Alhaji Labo mai motocin albasa, ya zo da abokansa. Ɗalibai suka zauna, amma duk wanda ya taɓa kwamfutarsa sai allon ya ce an hana shiga.

"Mi ya faru, ɗiyata?" Alhaji ya tambaya a hankali.

Ta duba, ta gane. Da kwant ɗinta na shugaba, wato sunanta na shiga, ta kunna umarnin, don haka ɗakunan huɗu duk suka zama mallakarta ita kaɗai.

Rabilu, abokin aikinta, ya raɗa mata, "Malama, ba su lambar sirrinki kawai. Mutane na kallo."

"In na ba su, kuskuren mutum ɗaya zai share na kowa," ta ce.

Ta roƙi baƙi su yi haƙuri. Ta goge abin da ta gina, ta buɗe sabon kwant mai suna ɗalibi, marar ikon taɓa komai sai nasa, ta sake kunna umarnin da wannan sunan. Rubutu ya riƙa gudu a allo. Abokan Alhaji biyu suka gaji suka fita.

Can allon Delu, wata ungozoma da ta zo koyo, ya buɗe. Sauran suka biyo baya.

Ba a jima ba Delu ta danna wani abu, nata ya mutu gaba ɗaya. Ta ɗora hannu a ka. Naja'atu ta leƙa sauran ukun, suna aiki lafiya lau. Ta yi dariya, ta sake gina na Delu nan take.

Alhaji Labo ya leƙa waje, ya kira waɗanda suka fita. "Ku dawo ku gani," ya ce. "Ita ta haɗa shi da hannunta."