Gwadon Tsohuwar Unguwa

Shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maradi, kwamandan, wato Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka kwashe mu daga fadama aka hau da mu tudu. Aka ja mana hanyoyi miƙaƙƙu sambal, kowace kamar ƴar'uwarta, aka raba filaye ba a tambayi wa ke maƙwabtaka da wa ba. Ni Tsahara har yau ban yafe wa hanyoyin nan ba. Mai ido ma ɓacewa yake a cikinsu, balle mahaifiyata Baturiya, wadda ta makance tun ina budurwa.

A tsohon gari Inna ba ta neman ɗan jagora. Ƙafarta ta san kowane lungu, ta san inda katanga ta yi ciki, hancinta ya san marina, fatarta ta san sanyin bakin rijiya. A tudu kuwa ko bayan gida sai an ja mata sanda. Sai ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. A kai tuwo ya kwana, a kai fura ta tsinke. Maganarta ɗaya ce, a maida ta gida, gidan kuwa ya riga ya zama laka. Muna kallo tana ƙarewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na gane ta saki duniya ne da gangan.

Ɗawainiyar gidan tana wuyan Rabi, matar yayana Hamidu, wadda muke kira Maman Lawali. Ƴaƴa shida, ga suyar gyaɗa, ga matsar mai, ga ƙuli-ƙulin kasuwa. Matar nan ko atishawa za ta yi sai ta nemi sarari. Amma a cikin wannan hali ta tsiro da wani abu. Bayan azahar, kafin gyaɗar da ta soya ta huce, sai ta zauna a bakin ɗakin Inna da allura tana haɗa tsummoki. Ragowar zannuwan da ruwa ya lalata ne, matan tsohuwar unguwarmu suka bar mata don sauke tukunya. Ita kuwa ta wanke su, ta yanke wurin da ya tsira, ta ce gwado za ta yi.

Na ce, "Yaya Rabi, aikin gidan ga bai ishe ki ba, sai kin ɗauko ma kanki na mahaukata?"

Ta ce, "Tsahara, komi na taɓa da sahe, kahin marece an cinye shi ko an ɓata shi. Wanga kaɗai ne in na aje nike iske shi yadda na bar shi."

Na taɓe baki na wuce.

Wata rana ina cikin ɗaki ina lallashin Inna da ƙwaryar fura, sai autan Maman Lawali ya faɗi ya tsala ihu. Ta wurga ɗinkin ciki ta ruga. Ya sauka a ƙafafun Inna. Na ga yatsunta sun motsa a kansa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a gero.

Ta ce, "Wanga saƙin Jiratawa ne. Na Ramatu ne, matar maƙeri, ga inda tartsatsi ya huda shi." Yatsun suka tsallaka ɗinki. Ta kai ƙyallen hanci. "Wanga ko na Zuliha mai daddawa. Wa ya gama su wuri guda?"

Maman Lawali ta dawo da yaro a kafaɗa, ta durƙusa. "Ni ce, Inna."

"Ke, da hankalinki? Matan da ba su ga maciji tun hwaɗan akuya? Tsakaninsu akwai gidan Talle da lungun rijiya. Kwance shi!"

Tun da muka hau tudu ban ji muryarta ta tashi haka ba. Na dubi Maman Lawali, na san wuyar da ta sha kafin ta sami ɗan ɗinkin nan, na zaci ranta zai ɓaci. Sai ta sa haƙori ta tsinke zaren. Ta ce, "To Inna, bayan gidan Talle sai wa?"

Inna ta tashi zaune. Maman Lawali ta juye kwandon tsummokin gaba ɗaya a ƙasa. Tsohuwa tana shafa kowanne tana kiran mai shi, tana ajiye shi inda gidansa yake. Wanda babu nasa ta bar masa wuri. Maman Lawali kuwa ta keta wani farin zane siriri siriri tana shimfiɗa lunguna tsakani, tana karkata su yadda aka ce mata. Gyaɗa ta huce ta gaji, yara suka yi ta kiran uwarsu, ba wanda ya kula.

Na fita na tsawata musu. Da na juyo, hasken la'asar ya shiga ɗakin, sai na tsaya cik a ƙofa. Unguwarmu ce kwance a ƙasa. Ga lungun marina ya lanƙwasa yadda yake lanƙwasa, ga gidan maƙera, ga ƴar hanyar da muke bi zuwa ɗebo ruwa. Garin da ruwa ya shafe, wanda maza suka koma da sanda suka kasa gane tushen katangarsu, shi ne makauniya da mai ƙuli-ƙuli suka tayar da tsummokin sauke tukunya. Na ce ikon Allah, na sake cewa ikon Allah.

Inna ta ɗora tafinta a wani fili da ke tsakiya. Ta ce, "Nan ne gidanmu. Ɗauko zanena ki hwara da shi, in shiga in huta."

Na san hutun da take nufi. Na ga Maman Lawali ita ma ta sani.

Ta ce, "A'a Inna, in aka hwara daga tsakiya tattarewa zai yi. Daga baki za mu taho, ta hanyar Tsibiri, gida gida. Waɗanda suka watse Tsibiri da Jiratawa sai an bi su an amso nasu. Kuma kin san ni, sai gyaɗa na hucewa nike samun zama."

"To yaushe za mu iso gida?"

"Da saura, Inna. Wanga na kahwaɗata zai iya isa zuwa kiwo kahin mu iso. Ni ko ban san jerin gidajen ba. In ba ki nan, nan aikin zai tsaya."

Tafin Inna yana nan a wurin bai motsa ba. Can ta janye hannun, ta yi wata ƴar dariya ta hanci.

Ta ce, "Ɗiyag ga, wayau gare ki." Sai ta juyo da fuska wajena. "Tsahara, kin tsaya kamar an dasa ki. Sake dama hurar nan, ki yi ta da kauri. Gida da nisa, ba ni isa da yunwa."