Barcin da aka auna da sunana

Daren jiya ni ma na yi mafarki, ni da aka ce kada in kuskura in runtsa.

Jikata ce, Innani, shekararta goma sha ɗaya. Likita ya ce galahanga ce, wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ni dai abin da na gani, yarinya lafiyarta lau, darenta ne ya koma rana. Hantsi ya yi ta mimmiƙe, a yi isha'i ta tashi tana guɗa a maƙogwaro tana zagaya tsakar gida. Sau biyu ana tsinto ta a bakin kududdufi kafin asuba. Ubanta, autana Barau, ya rantse in ta ƙara fita sai ya kai ta gidan da ake sa wa mutane mari a ƙafa. Na ce a bar min ita. Sati uku ke nan ina kwana a zaune a bakin ƙofa.

To sai ga ni a wani gari. Ruwa ake yi, amma daga rijiyoyi yake tashi yana komawa sama, mata sai tattare zani suke. Zakaru suna ta cara alhali magariba ce. Na tambayi wata mai tallan gawayi fari ina ake samun barci. Ta ce, "Wajen injin niƙa, Iya. Ki sa kwanonki a layi."

Na sa ƙwaryata a bayan kwano ɗari. Kwanukan ne suke matsawa da kansu, mu muna binsu.

Mai injin rago ne mai ƙaho, da tabarau da hula. Yana zuba dare ta sama, barci yana fitowa ta ƙasa kamar garin dawa.

Ya ce, "Na wa za a auna?"

Na ce, "Na Innani."

"Wannan sunan gida ne. Na yanka nake so. Mu raguna aka kwantar a kansa ranar suna, mun san darajarsa."

Nan fa ake yin ta. Sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa ɗora sunan nan a harshena ba, ko a bayan idonta, ko bayan an binne ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai sunan surukata ce."

"Surukai sun fi dubu a garin nan. Faɗi."

Ina waiwayawa sai ga ta, marigayiyar, zaune a kan turmi cikin likkafaninta tana sakace.

Ta ce, "Faɗi mana, Tabawa. Dama na daɗe ina cewa ba ki da kunya, shaida ce ban samu ba."

Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni? Ya kwanciya?"

"Da daɗi. Ni nawa barcin ya ishe ni. Ke ce dai."

Na buɗe baki, sunan ya zo nan, ya tsaya kamar ƙayar kifi. Na bayana suka fara tsaki. Wani kwano ya dungure ni a idon sawu.

Ragon ya ce, "Iya, kina ɓata min layi. In auna da sunanki, kya kai mata?"

Na ce to. Har da godiyata. Na ɗauka na yi dabara.

Sai ga ni a hanya da ƙwarya a ka. Hanyar tafiya take ta baya, in ka tsaya ka yi gaba. Can na hango Innani tana tafe a kan yatsun ƙafa, tana kaɗa hannuwa, ta nufi wani ruwa baƙi. Na ɗebi barcin na watsa mata. Ya juyo ya faɗa min a ido. Na sake ɗiba, ya sake dawowa. Ashe barci ya san mai shi. Na zauna a hanya. Ina kallo ruwan ya kai mata ƙwauri, ni kuwa hamma nake, wata irin hamma mai daɗi da na yi shekara ban yi ba. Allah ya yafe min, daɗinta na ji.

Ƙarar babur ce ta tashe ni, ana ta buga masa kiki a zaure yana ƙin tashi. Gari ya yi haske. Ƙofa a buɗe, an tsallake ni. Ga Innani a tsakar gida, zaninta jiƙe da laka har ƙugu, uwarta tana cusa kayanta a leda tana share ido.

Barau ya ce, "Inna, koma ki kwanta. Kin gaji."

Ya ɗora Innani a gaban babur, zai cika rantsuwarsa. Sai a lokacin na kwarma sunan, na yankan, da ƙarfin da maƙwabta suka ji. Ba zan maimaita muku ba. Barau ya kalle ni baki buɗe.

Ita ko waiwayowa ba ta yi ba. Kanta ya riga ya langaɓe a kan hannunsa, lokacin barcinta ya yi.