Ranar da Hantata Ta Kai Ƙarata Gaban Ɓeraye

Jiya bayan azahar na kishingiɗa a rumfar facina da ke tasha, sai na yi wani mafarki. Ni ban yi boko ba, abin da na gani shi zan faɗa.

Na tsinci kaina cikin keji, a wani ɗaki fari fat. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana shigewa rufi. Ɓeraye sanye da fararen riguna suna ta kai da komo. Wani ƙaton burgu mai tabarau ya leƙo.

"Kai ne Tanimu mai faci?"

"Ni ne. Buɗe min."

"Shekara da shekaru ana lalata mana hanta a ɗakunan gwajin magani, a ɗura mana saiwoyi a ga ko za mu warke. Yau layi ya zo kanka."

Sai ga hantata zaune a benci, ta kumbura, ta ƙulle kayanta a ɗankwali.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa burgun, "duk mai maganin da ya shigo tasha ya ce a ɗanɗana kyauta, mutumin nan sai ya miƙa kofi. Na basir, na shawara, na sanyi. Ran Talata har na mai jego ya sha."

Na ce, "Kyauta ce fa!"

Ta ce, "Kyauta a bakinka, dako a kaina."

Aka kira shaidu. Wani ɓera ya kara kunne a cibiyata. Ƙananan halittun hanjina, masu narka min tuwo, suka yi magana daga ciki: "Jiƙon shekaranjiya ya kashe mana rabin unguwa. Miyagu sun tare a gidajen. In hanta ta tafi, mu ma mun bi ta."

Burgun ya ajiye baƙar kwalba a gabana. "Gwajin ɗaya ne. In ka sha, hantarka ta tafi. Kuma ka sani, ba a facin hanta."

"Maganin mene ne?"

"Mu ma ba mu sani ba."

"Nawa ne?"

"Kyauta."

Hanta ta miƙe ta ɗora ƙullinta a ka. Na ce wa hannuna ya tsaya, ya ce shi ba a ƙarƙashina yake ba. Ya ɗauki kwalbar. Ɓeraye suka ɗaga biro.

Bakin kwalbar ya taɓa leɓena ke nan, sai lasifika ta tsage kunnena: "Ga mai magani ya iso! Ɗanɗano kyauta ne!"

Na farka. Motar mai magani ce a bakin tasha, kuma hannuna har ya lalubo kofi. Na ƙwace kofin, na zauna a kan hannun har motar ta wuce.