Kitson Bayan Kunne

Ni Hajo mai mazarƙwaila a Dandamisa, kowa ya san ba a yi mini wayo. Ko kaza na ga ta cika leƙen ɗakina sai na binciki mai ita. Amma ni ɗin nan aka kusa wucewa da jikata a gabana, ƙafarta na taɓa gwiwata a mota, har ina gyara mata hijabi. Wadda ta hana kuwa ita ce yarinyar da na fi rainawa a duk ƙauyenmu.

Mukarrama mai kitso nake nufi, matar Zakiyyu direban tirela. Mijinta kan yi wata huɗu a kudu, ita kuwa kullum fes, kwalli raɗau, lalle ba ya gogewa a hannunta, in ta gifta ƙamshin humra sai ya daɗe a zaure. Murya can ƙasa-ƙasa, ko kyankyaso ta gani sai ta ɗage zani. Ni dai na daɗe ina faɗa, kwalliyar nan ba ta banza ba ce, akwai wanda ake yi wa.

Za ku ce yaya mace za ta kasa gane jikarta. To, ɗana Ya'u a Gubuchi yake zaune da matarsa Halimatusa'adiya. Da suka haifi 'ya mace na sa rai za a yi mini takwara, sai ranar suna na ji an raɗa Ummuhani, sunan uwar matar. Ko tuwon sunan ban ci ba na ɗauki mayafina. Shekara uku ban taka gidan ba, na kuma ce kada a kawo mini ita. Ya'u ya yi ban haƙuri har ya gaji.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na shiga motar Ikara a tashar Makarfi, zan je gaisuwar rasuwa Janfalan. Sai ga Mukarrama da gyale sabo fil, shuɗi mai duwatsu, da 'yar jakar matajai da kibiya. Ta rusuna ta gaishe ni, Inna an tashi lafiya, ya gida, ya sanyin ƙafa, ta ce kitson amarya za ta yi a Ikara. Na amsa da hanci. A raina na ce amaryar mai gemu ce ko.

Muna jiran cikon mota wata mata ta iso, doguwa, baƙuwar fuska, da yarinya a kafaɗa tana barci, an zuba mata hijabin da ya yi mata yawa har ya rufe fuska. Ta ce sunanta Samira, 'yarta ce ba lafiya, za ta kai ta wajen mai magani gaba da Ikara. Wallahi ta ba ni tausayi. Na matsa mata, na ja hijabin na rufe ƙafar yarinyar kada iska ta buge ta. A bayanta wani mutum mai baƙin tabarau ya shiga gaba, bai ce da kowa komai ba. Direba Maiwada ya tayar da mota.

Ba mu yi nisa ba mota ta faɗa rami, hijabin ya zame, kan yarinyar ya fito. Shuku ne aka yi mata, ƙanana, tsaf. Matar ta yi wuf ta mayar. Ni ban ga komai ba sai kitso, amma na lura Mukarrama ta daina latsa waya nan take.

Can sai ta soma zuba. Ta yabi atamfar matar, ta tambayi inda ta sayi ɗan kunne, ta buɗe jaka ta shafa mata turare a bayan hannu. Daga nan ta ce kai, kitson yarinyar nan ya yi kyau, wa ya yi mata. Matar ta ce ita ta yi da hannunta, makon jiya. Mukarrama ta yi murmushi ta ce lallai hannu ya iya. Nan zuciyata ta fara raya mini abubuwa. Mace mai rowar magana yau ita ce da surutu haka da baƙuwa? Na ce waɗannan sun san juna, wasan kwaikwayo suke mini. Na ƙara danne ƙullin kuɗin da ke bakin zanina. Na kuma ga mai tabarau yana yawan kallon baya ta madubi, na ce ai ga shi nan, amaryar da za a yi wa kitson ke nan.

Sannu a hankali Mukarrama ta lallaba matar, ta ce hannunki ya gaji, kawo ta in ɗan riƙe miki, ni Allah bai ba ni ba tukuna, ina son in ji ɗumin yaro. Matar ta ƙi, ta sake ƙi, amma ga jaka a cinya ga zafi, ni kuma da shisshigi na sa baki na ce haba, ba ta mana ki huta. Aka miƙa yarinyar ta kan cinyata. Jikinta laƙwas, ko motsi ba ta yi ba.

Hanya ta ratsa gonakin rake, dama rake hagu rake, ba gida ba mutum. Mukarrama ta jira sai da muka hango hayaƙi a bakin titi, inda ake dafa mazarƙwaila, maza na tura rake a inji, mata na zuba ruwan a ƙananan kwanoni. Sai ta toshe baki ta ce Malam Maiwada ya taimaka ya tsaya, amai ke taso mata. Na ƙirga watannin tafiyar Zakiyyu da yatsu, na ce yau asiri ya tonu.

Mota na tsayawa ta fice da yarinyar a hannu. Ba ta yi amai ba. Ta nufi tsakiyar masu aiki, ta sunkuya, ta juya yarinyar zuwa bayanta, ta warware gyalen nan mai duwatsu ta goya ta da shi, ta ƙulle a ƙirji sau biyu. Sannan ta juyo, da muryar nan tata da ba ta tashi sama.

"Baiwar Allah, yarinyar nan ba taki ba ce."

Matar ta diro tana kururuwa, za a ƙwace mata 'ya da rana tsaka. Masu rake suka bar inji suka kewaye mu, kowa na kallon wannan ya kalli waccan. Wa kuke tsammani ya fara kai hannu ga ƙullin? Ni. Na ce Mukarrama ki ji tsoron Allah, rashin haihuwa ba hauka ba ne, kwance ki ba mata 'yarta. Na ja, ƙulli ya ƙi.

Mukarrama ta ce a ɗaga hijabin a duba bayan kunnen hagu. Wata dattijuwa mai zuba mazarƙwaila ta duba. Akwai wani siririn kitso guda ɗaya da ya juya baya, ya saɓa wa sauran, an naɗe bakinsa da baƙin zare. Mukarrama ta ce haka uwarta ke rufe kitso, haka ita ma take rufewa, duk kan da ya bi ta hannunta yana da shi. Shekaranjiya ta yi wannan a gidan biki a Gubuchi, man da ta shafa ma bai bushe ba. Ta ce in matar ce ta yi, ga kai nan, ta zauna ta yi irinsa a gani.

Matar ta fara ja da baya. Sai mai tabarau ya fito daga mota, wanda ba mu san tare yake da matar ba, ya ratso mutane ya damƙi gyalen, wuƙa a hannunsa zai yanke goyon. Mukarrama ba ta gudu ba, ba ta kai masa duka ba. Hannu biyu ta ɗora a kan ƙullin ta durƙusa ta jingina bayanta da tarin rake, yarinyar ta shige tsakani. Wuƙar ta sauka a bayan hannunta, kan zanen lallen. Na ga jini na bin yatsunta yana ɗiga a atamfa, amma hannun bai ɗaga ba. Kafin ya sake, wani mai juya tukunya ya sauke masa muciya a kafaɗa. Ya faɗa cikin rake da gudu, maza suka bi shi suka fito da shi, mata kuma suka zaunar da Samira. Maiwada ya kira 'yan sanda.

Ni ina tsaye baki buɗe Mukarrama ta ɗago ta dube ni, kwallinta ya zubo har kumatu.

"Inna, kira Ya'u. Ummuhani ce."

Na zauna daɓas a kan ɓawon rake. Na ce don me ba ta faɗa mini tun a mota ba. Ta ce, "Inna, na san bakinki. Da kin yi ihu a tsakiyar rake, ga wuƙa a ƙugun na gaba, tun a tasha na hango ta."

Na kira Ya'u, ashe tun da sassafe suke neman ta, an aike ta maƙwabta karɓo wuta... a'a, wasa take a ƙofar gida aka ɗauke ta, uwarta har ta suma sau biyu. Dattijuwar nan ta ɗaure wa Mukarrama hannu da ɗankwali. Ita kuwa, ku ji fa, da hannun mai lafiya ta ciro ɗan madubi tana goge kwallin da ya zubo, ta ce kada Halimatusa'adiya ta zo ta gan ta a hargitse ta ƙara tsorata. Da a da ne na gani, da na yi tsaki. Ranar nan kuwa kuka na yi.

Ba ta kwance goyon ba sai da maganin barcin da suka ɗura wa yarinyar ya fara sakinta. Ummuhani ta buɗe ido, goshin Ya'u sak, hancin mahaifiyata sak, abin da ko makaho zai shafa ya gane. Na miƙa hannu na ce zo, zo wajen kakarki. Ta kalle ni, ta ƙanƙame wuyan Mukarrama, ta ɓoye fuska a cikin gyalen mai jini.

"Anti mai kitso, wace ce wannan?"