Likitocin Dakalin Ƙofar Marusa

Garba mai fenti ya juya wa majalisa baya, ya manna yatsunsa a bango yana tafiya da su sama a hankali. Suna isa daidai haɓarsa, kafaɗar ta ce ba da ita ba.

"Jama'a, ga ƙadangare da hula!" in ji Nasiru mai shayi. Dakali ya kwashe da dariya.

Tun da Garba ya faɗo daga tsani aka ɗinke masa jijiyar kafaɗa, likita ta ja masa kunne: kullum ya riƙa wannan motsin, ya kuma riƙa zuwa asibiti gashin ƙashi, in ba haka ba hannun zai sage. Da wannan hannun kuwa yake ciyar da gidansa.

"Mi likita ta sani?" Malam Sadiq ya kurɓi shayi. "Naman da aka yanka sai a yi ta ja? Kitsen damo za ka shafa."

"Wane damo! Iska ce ta shiga da suka buɗe shi," in ji Nasiru.

"Surukina ɗaure shi aka yi, ya warke sarai," in ji wani daga gefe.

"Ba shi ya rasu bara ba?"

"Wannan mota ce."

Garba ya sauke hannu. Motsin da gashin akwai azaba, ga dariya a kai. Maganin majalisa kuwa bai ce a motsa komai ba.

* * *

Washegari suka rako mai ɗori har gida. Ya jera karare, ya naɗe Garba da tsumma kamar dammen gero.

Matarsa Safara'u ta leƙo. "Malam, ai ba karaya ka yi ba."

"Ke hwa, maza sun yi shawara."

"Mazan da ko ƙaya ba su iya cirewa?"

Ranar da aka kwance, hannun ya lafe jikin haƙarƙari abinsa. In zai sa hula, kan ne ke sunkuyowa ya tarye ta. Da ya koma asibiti, likita ta duba, ta ce hannun ya sage.

"Ka makara ne," in ji Malam Sadiq. "Da tun farko mu ka fara tuntuɓa."

* * *

Da ƙyar ya samu fentin wata katanga a GRA. Ya shafe ta tas, iya inda hannu ya kai. Da la'asar maigidan ya fito, ya dubi shuɗi a ƙasa, siminti a sama.

"Malam Garba, sabon yayi ne?"

Bai jira amsa ba ya buga waya aka turo wani.

Garba ya tsuguna bakin famfo yana wanke burushi da hagu. A bayansa yana jin ƙarar tsani, wani na hawa.